Fegin Lambu a Yorkshire da Umarar Azumin 2025

A shekarar 2025 lokacin buɗe lambu a Ingila ya faɗo cikin Ramadan. An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris a Saudiyya da Najeriya da masallatai da dama na Birtaniya, kuma a wannan rana ce masu hasashen yanayi na can suke fara ƙirga bazararsu, wadda ke kaiwa ƙarshen Mayu. Wani magidanci ɗan Kano da ke zaune a wani gari na yankin Yorkshire ya daɗe da niyyar yin goman ƙarshe a Makka, daga nan ya zarce gida ya gaida mahaifiyarsa. Yana kuma da fegin lambu da ya yi shekaru yana jiran layinsa kafin ya samu. Malam kawai zan kira shi. Ya tashi tsakiyar Maris, ya dawo ƙarshen Afrilu, ya tarar wajen rabin shukarsa ta mutu, ga kuma takardar gargaɗi tana jiransa. Fegina yana cikin lambun da nasa yake, don haka na ga yadda abin ya gudana tun daga shuka har girbi. Na rubuta shi ne saboda 'yan'uwa da yawa a ƙasashen sanyi sun fara sha'awar noman lambu, kuma kusan kowannensu yana da tafiyar da ba ya iya fasawa.

Irin wannan lambu tsohon tsari ne a Ingila. Ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya takan yanka fili fegi-fegi ta ba mazauna gari haya. Dokar 1908 ta ɗora wa ƙananan hukumomi samar da filin idan jama'a sun nema, ta 1922 kuma ta fayyace cewa noman na cin iyali ne, kayan miya da 'ya'yan itatuwa. Cikakken fegi yakan kai murabba'in mita 250, amma saboda yawan masu nema yanzu an fi ba da rabi, kuma rabin ne a hannun Malam. Kuɗin hayar ba shi da yawa. Abin da ke da tsada shi ne jira, domin a manyan garuruwa mutum kan shekara biyu, uku ko fiye sunansa na kan takarda. Shi ya sa kwamitin lambu ba ya wasa da fegin da aka bari ya zama saura. A wurare da yawa yarjejeniyar tana cewa bayan shekarar farko dole kashi uku cikin huɗu na fegin ya kasance a nome, kuma akan zaga a duba, musamman daga Afrilu. Wanda aka gargaɗa bai gyara ba, ana iya ba shi wa'adin wata guda ya tashi.

Malam ba baƙon noma ba ne. Ya taso yana bin kakansa gona, ya san huɗa, ya san maimai, ya san ban-ruwan fadama. Kuma ya riga ya ga damunar Ingila a mafi muninta. Daga Oktoban 2022 zuwa Maris na 2024 ƙasar ta yi wata goma sha takwas mafi ruwa tun da aka fara ajiye lissafi a 1836. A 2024 ɗin nan ƙasa ta jiƙe sharkaf, katantanwa marar ɓawo ta cinye wa mutane latas da kabeji tun suna 'yan ganye biyu. Wanda ya fara lambu a irin waɗannan shekaru, abin da zai ɗauka shi ne a Ingila ba a neman ruwa, kaucewa ake yi. Da wannan fahimta Malam ya tsara tafiyarsa.

Shirinsa shi ne ya shuka komai kafin ya tashi, sama ta shayar masa. A makon farko na azumi, bayan ya taso aiki da yamma, da kuma ranakun Asabar da Lahadi, ya kafce fegin gaba ɗaya. Ya binne dankalin Turawa da ya riga ya yi tsiro a kan taga, ya dasa ƙananan albasa, tafarnuwarsa kuma tana ƙasa tun kaka. Ya ja layi ya zuba irin karas da latas da koren wake. Sai kayan gida, waɗanda su ne ainihin dalilin da ya sa ya nemi fegin: attaruhu, tattasai, tumatir, kuɓewa, alayyahu da yakuwa. Attaruhun ya shuka shi a 'yan tukwane cikin ɗaki tun Fabrairu, wanda daidai ne, domin yana da jinkirin nuna kuma zafin Ingila gajere ne. Amma da tafiya ta matso, bai so ya bar wa maiɗakinsa ɗawainiyar tukwane barkatai ba, ita da ke aikin kwana a wasu ranaku, ga azumi, ga yara 'yan makaranta. Sai ya kwashe mafi yawansu ya kai rumfar leda da ke fegin, ya jera su cikin faranti mai ruwa, ya rufe ƙofa. Kuɓewa da alayyahu kuwa kai tsaye ya zuba su a ƙasa cikin rumfar.

Manomin ƙasar Hausa zai gane wannan dabara, binne ce. Kafin saukar damina akan zuba irin gero a busasshiyar ƙasa, ya kwanta lafiya har ruwan fari ya tashe shi. Tana yin aiki a can domin ƙasar a bushe take ƙamas kuma da zafi, iri ba ya motsi sai ruwa ya zo. Ƙasar Yorkshire a tsakiyar Maris akasin haka take: tana da laima daga hunturu, kuma tana da sanyi. Yawancin irin kayan lambu na Turai ba ya tsira sosai sai ɗumin ƙasa ya kai wajen digiri 7, kuɓewa kuwa tana son ya haura 20. Iri a irin wannan ƙasa yakan sha laima ya kumbura, sannan ko dai ya ruɓe, ko ya fito da rauni yana jiran kulawa ta yau da kullum. A ganina nan ne tushen asarar, tun kafin a zo maganar fari.

Sai kuma shekarar ta zo da abin da ba a saba ba. Maris na 2025 shi ne Maris mafi hasken rana da aka taɓa aunawa a Ingila tun 1910, ruwan da ya sauka kuma ɗan kaɗan ne. Afrilu ya ɗora a kai. Da aka kammala lissafi, bazarar ta zama mafi ɗumi kuma mafi rana a tarihin awon Birtaniya, a Ingila kuwa ba a ga mai ƙarancin ruwa kamarta ba tun 1893. Ga mai tafiya a titi abin gwanin daɗi ne. Furanni masu ruwan ɗorawa sun cika bakin hanya, 'yan raguna suna tsalle a makiyaya, mutane sun ajiye manyan riguna, tsofaffi sun fito da injin yankan ciyawa tun kafin lokacin da suka saba. Masu azumi ma sun ji sauƙi, domin yinin bai wuce awa goma sha uku zuwa goma sha huɗu da 'yan kai ba. A lambu kam labarin daban ne.

Sararin sama marar gajimare yana da fuska biyu a wannan lokaci. Da rana, rumfar leda da aka rufe takan ɗau zafi fiye da yadda mai tsayuwa a waje zai zata, har ɗan dashe ya yi yaushi cikin 'yan awoyi. Da dare kuma ɗumin duk yakan tsere, raɓa ta daskare a kan ganye, leda guda ɗaya ba ta hana wannan. A Yorkshire ana iya samun irin wannan daskarewa har tsakiyar Mayu, wata shekarar ma ta wuce. Masu rumfa sukan zo da safe su buɗe ƙofa, su dawo da yamma su rufe, su lulluɓe dashe da wani farin mayafi mai taushi idan an yi hasashen sanyi. Rumfar Malam ba mai buɗewa, ba mai rufewa. Kafin Sallah ruwan farantin ya ƙafe, attaruhu da tattasai sun ƙone daga sama, abin da ya rage kuma sanyin dare ya ƙarasa shi. Kuɓewa ko fitowa ba ta yi ba.

Akwai wani abu da baƙo ba zai sani ba sai an gaya masa. A lambuna da yawa akan kashe famfo tun farkon hunturu don kada bututu ya daskare ya fashe, ba a kunnawa sai wajen Afrilu. A tsakani kowa da randunan roba da ke tarar ruwan rufin rumfarsa yake dogara. A shekarar da aka saba, randunan a cike suke fal a Maris. A wannan karo suna ta raguwa ba mai maye gurbi. Ko da Malam ya bar wa wani amanar ban-ruwa, da ruwan da za a yi amfani da shi ƙalilan ne, sai an zaɓi abin da ya fi cancanta. Karas da latas, waɗanda irinsu ke kwance a saman ƙasa ƙasa da faɗin yatsa, sun tsira jefi-jefi sannan saman ƙasar ya yi ɓawo ya kashe su. Koren waken kuma ɓeraye suka tono wasu, tantabarun daji suka tsinke kan sauran, da ma su biyun sun shahara da wannan ɓarna a lambunan Ingila.

Abin da ya rayu yana da darasi fiye da abin da ya mutu. Dankali, da yake an binne shi da zurfin kusan taƙi guda, ya samu laimar ƙasa kuma sanyi bai kai gare shi ba sai da ya leƙo. Albasa da tafarnuwa sun jure, ko da yake ba su yi girman da ya kamata ba. Sai wani ɓangare da lokaci ya ƙure wa Malam bai shuka komai ba, ya shimfiɗa masa kwalaye ya danne da taki da bulo. Da ya dawo ya ɗaga kwalin, ƙasar da ke ƙarƙashi baƙa ce, mai laushi, da tana a ciki, babu ciyawa. Wurin da bai taɓa ba shi ne ya fi ko'ina zama a shirye. 'Yan tukwanen attaruhu huɗu ko biyar da suka rage a tagar kicin, waɗanda uwargida ke ɗiga wa ruwa idan ta tashi sahur, su ma sun rayu, kuma daga ƙarshe su suka ba gidan yaji.

Ita kanta tafiyar ta tafi lafiya, amma tana da nata lissafin da ya kamata a ambata. Malam shi kaɗai ya tafi, domin a Ingila ba a cire yaro daga makaranta a lokacin zangon karatu don tafiya. Tun Agustan 2024 tarar ta koma fam 80 ga kowane mahaifi a kan kowane yaro idan an biya cikin kwana 21, ta ninka zuwa 160 idan an wuce, kuma hutun Ista bai zo ba sai cikin Afrilu, bayan Sallah. Sannan akwai batun takardar zama. Katin izinin zama na roba ya ƙare wa kusan kowa ranar 31 ga Disamban 2024, an koma tsarin intanet, sai da Malam ya tabbatar fasfonsa na Najeriya yana haɗe da asusunsa kafin ya hau jirgi. Ya tashi daga Manchester zuwa Jidda kwanaki kaɗan kafin 21 ga Maris, ranar da gobara a tashar lantarki ta sa aka rufe filin jirgin Heathrow na Landan kusan yini guda, aka soke tashi da saukar jirage sama da dubu, ciki har da na masu niyyar goman ƙarshe.

Ranar Lahadi 30 ga Maris aka yi Sallah a Makka da Kano. A daren wannan rana ce kuma Birtaniya ta tura agogonta gaba da awa ɗaya, kamar yadda take yi kowace Lahadin ƙarshe ta Maris. Waɗanda suka cika azumi talatin a Birtaniya a ranar suka ga buɗa-baki ya yi tsalle da awa guda a agogo. Amfanin canjin ga iyalin Malam shi ne daga ranar agogon Yorkshire da na Kano suka zama ɗaya, waya ta yi sauƙi. A ɗaya daga cikin wayoyin ne maiɗakin ta gaya masa cewa an kwana biyu ba a ga ruwa ba. Yana cikin zafin Afrilun Kano, inda rana ke kaiwa digiri 40, ga 'yan'uwa ana ta zuwa barka da dawowa daga Umara, bai ɗauki maganar da nauyi ba. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ke zaune gaban mahaifiyarsa bayan shekaru, karas ba ya cikin lissafinsa, kuma bai kamata ya kasance ba.

Takardar gargaɗin ba don matacciyar shuka aka rubuta ta ba. Ciyawa ce ta jawo ta. Ƙasar da aka kafce aka bari a buɗe ita ciyawa ta fi so, kuma akwai wata mai rawayar fure da ke yin farin gashi a Afrilu, iska ta kwashi irinta ta watsa wa maƙwabta. Masu zagayen kwamiti sun zo, sun ga ciyawa ta yi fure, rumfa cike da busassun tukwane, an yi makonni ba a ga mai fegin ba. Ba su san yana Makka ba, domin bai gaya wa sakataren kwamitin ba. Ya ce mini kunya ce ta hana shi, gani yake kamar zai ɗora wa mutanen da ba danginsa ba nauyi. Wannan kara ce irin tamu, kuma ina girmama ta, sai dai a nan ta yi masa illa. Kwamitocin nan sun saba da masu rashin lafiya da masu doguwar tafiya, layi biyu a rubuce ya isa a ɗaga wa mutum ƙafa. Da ya dawo ya yi bayani, ya nome ciyawar cikin mako biyu, aka janye takardar ba tare da wata hayaniya ba.

Kuma maƙwabtan da yake jin nauyinsu a shirye suke. Lambunan Yorkshire cike suke da mutanen da suka san kewar miyar gida. Akwai dattijo ɗan asalin Jamaika da ya shekara da shekaru yana noma alayyahu a wannan ƙasa, ya san ba a zuba shi sai ƙarshen Mayu. Akwai iyalai 'yan asalin Pakistan da Bangladash masu noman duma da ganyayen miyarsu, waɗanda su ma suke azumi kuma suka san darajar Umara. Akwai tsofaffin Turawa da ke zuwa kowace safiya, waɗanda buɗe ƙofar rumfar maƙwabci ba zai ci musu minti biyu ba. A Mayu kowa yakan sami rarar dashe, ana ajiyewa a bakin ƙofar lambu mai so ya ɗauka. Daga nan Malam ya sami tumatir da tattasai da ya maye gurbin nasa.

Ya so ya taho da iri daga gida, kuɓewa 'yar Kano da yakuwa da rama. Dokar shiga Birtaniya ta ce irin shuka daga ƙasa irin Najeriya sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, wadda hukumar killace kayan noma ta Najeriya ke bayarwa, shi kuwa bai nema ba, sai ya haƙura. Haka kilishi da dambun nama da man shanu, duk haramun ne a jakar matafiyi daga wajen Turai. Dabino yana cikin 'ya'yan itatuwan da aka yarda da su, shi ya zama tsarabar maƙwabtan lambu. Irin kuɓewa da alayyahu kuwa ana sayar da su a cikin ƙasar, wasu ma an zaɓo su ne don gajeren zafi.

A gida ma aiki ya taru. Ciyawar tsakar gida ta yi tsawo, shingen itatuwa na gaba ya tusgo kan hanyar masu tafiya a ƙasa. Ya ɗauko almakashi, sai ya ga tsuntsuwa tana shige da fice da abinci a baki. Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita da gangan, kuma daga Maris zuwa Agusta lokacin ƙyanƙyasa ne. Ya rage 'yan rassan da suka tare hanya da hannu, sauran ya bari. Aikin shinge na Fabrairu ne, kafin tafiya, da ma shi ya yi a lokacin da ya ɓata wajen zuba irin karas.

Shukar da ya sake yi a farkon Mayu ta fito cikin kwanaki, domin ƙasa ta ɗumama. Karas ɗin Mayu ya kamo na waɗanda suka shuka a Maris suka yi ta jigilar ruwa. Sauri ya haifi nawa, kuma wata shida na kallon fegin nan ya tabbatar mini cewa tafiyar tsakiyar Maris ba ta da wata babbar illa ga lambun arewacin Ingila, muddin mutum ya yarda ya tafi ya bar ƙasa a rufe. Dankali da albasa a ƙasa, sauran fegin a ƙarƙashin kwali, kayan zafi a taga hannun wanda ke gida, sakatare ya sani, maƙwabci ɗaya yana da lambar waya. Da wannan kaɗai aka yi, da ba a yi asarar ko tukunya ɗaya ba.

Farin bai tsaya a bazara ba. Ranar 12 ga Yuni aka ayyana fari a Yorkshire, ranar 11 ga Yuli kuma aka hana amfani da tiyo a gidaje, mutane suka koma ɗaukar bokiti. Amma zafin shekarar, wanda shi ma ya zama mafi tsanani a lissafin Birtaniya, ya yi wa kayan gida daɗi. Alayyahu ya yi ganye har ana rabawa, tumatir ya nuna a waje ba sai cikin rumfa ba, kuɓewar da aka shuka a Mayu ta ba da abin miya 'yan lokuta. Yakuwa ta yi ganye mai tsami yadda ake so amma ba ta kai ga zoɓo ba, domin ba ta fure sai yini ya gajarta, kuma kafin nan sanyi ya riga ya shigo.

Watan azumi yana matsowa baya da kwana goma ko goma sha ɗaya kowace shekara, don haka Umarar Ramadan ta shekaru masu zuwa sannu a hankali za ta koma Fabrairu da Janairu, lokacin da fegi ke barci kuma ba abin da zai lalace. Aikin Hajji ne ke shigowa tsakiyar aiki: bisa lissafi ƙarshen Mayu a 2026, tsakiyar Mayu a 2027, daidai makonnin da ake fitar da dashe waje kuma ake ban-ruwa kullum. Malam yana da niyyar sauke farali a ɗaya daga cikin shekarun nan. Ya riga ya yi magana da sakatare, kuma ya shirya da wani matashi da ke kan layin jira cewa a shekarar zai riƙe masa fegin su raba amfanin, idan kwamiti ya amince a rubuta sunansa a matsayin mataimaki.